Littafin Atisaye: Yadda Nake Koyon Sikel ɗin Maina a Kan Jita

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan littafi yau ne domin in riƙa rubuta abin da ke gudana tsakanina da jita, saboda na lura cewa muddin ban rubuta ba, mako yakan zo ya wuce ban san ko gaba nake yi ko baya ba. Wata huɗu ke nan da na saye ta a hannun wani ɗalibi da ya kammala karatu a Samaru yana karyar da kayan ɗakinsa. Ta katako ce mai tsirkiyar ƙarfe shida, kuma duk abin da na iya a kanta zuwa yanzu bai wuce kama kod biyar ba (kod shi ne sautuka da yawa da ake bugawa tare), su ma ɗin sai na tsaya na duba yatsuna kafin in sauya daga wannan zuwa wancan. Mai koya mini wani dattijo ne a Wusasa da ya yi shekaru yana kaɗa wa mawaƙan majami'arsu jita. Ni ina kiransa Baba, shi kuma yana kirana Malam saboda lissafi nake koyarwa a sakandare, ko da yake a ɗakinsa ni ne ɗan aji ɗaya.

Yau ya ce lokaci ya yi da zan san abin da ke cikin kod ɗin da nake kamawa, watau in fara koyon jerin sautukan da makaɗa ke kira sikel, kuma da nau'in da ake kira maina za mu fara, daga sautin A. Domin kada in rikita kaina nan gaba, bari in ajiye yadda muke ƙidaya. Tsirkiya mafi kauri ita ce ta shida, mafi siranta ita ce ta ɗaya, kuma idan an saita su daidai, daga ta shida zuwa ta ɗaya suna ba da E, A, D, G, B, E. 'Yan sandunan ƙarfen da aka gitta a wuyan jitar Baba yana ce musu firet, ni kuwa gaɓa nake cewa, don a idona wuyan ya fi kama da karan rake, kuma kowace gaɓa ɗaya rabin taki ce a ma'aunin sauti.

Bai bar ni na taɓa tsirkiya fiye da ɗaya ba. Ya ce in buga ta biyar a sake, ba tare da na danne ko'ina ba, sannan in danne gaɓa ta 2, ta 3, ta 5, ta 7, ta 8, ta 10, in tsaya a ta 12. Sunayensu A, B, C, D, E, F, G, sai wani A ɗin a sama. Da na ɗebe kowace lamba daga ta gabanta sai na sami biyu, ɗaya, biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, jimla goma sha biyu, kuma wannan jerin shi ne maina na asali, ko daga ina aka ɗauko shi. Da na dawo gida ban zauna ba sai da na ɗauko tef ɗin awon ɗinki na maiɗakina na auna tsirkiyar. Tsawon da yake kaɗawa wajen santimita 64 ne, gaɓa ta 12 kuma ta faɗo daidai a rabinsa. Dalili ke nan da A na sama yake fita kamar na ƙasa ne ya ƙanƙance murya, domin tsirkiyar da ke girgiza sau 110 a daƙiƙa idan an sake ta, sau 220 take yi idan an raba ta biyu. Wannan ɓangaren ya yi mini daɗi ƙwarai, har ina tsoron kada ya fi mini kiɗan kansa daɗi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kan yatsuna uku sun yi ja suna zogi. Daga gaɓa ta 7 zuwa sama sai na danna da ƙarfin gaske kafin sautin ya fito, idan kuwa na sassauta kaɗan sai ya dushe ko ya yi ziza kamar ƙuda a cikin kwalba. Minti goma sha biyar kawai na iya yi jiya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai wa Baba kukan yatsuna, sai ya karɓi jitar ya ɗaga ta daidai idonsa yana hangen wuyan kamar mai duba miƙewar gora. Ya sa na auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta shida da ƙarfen gaɓa ta 12 da rular aljihuna, muka sami milimita huɗu da rabi, alhali abin da ya kamata bai wuce biyu da rabi ba. Ya kwance tsirkiyoyin, ya zare ɗan farin ƙashin nan da suke hawa a kansa a cikin jikin jitar, ya shimfiɗa samfefa a kan gilashin taga da ya cire, ya riƙa goga gindin ƙashin a hankali yana dubawa. Sai an rage milimita biyu a ƙashin kafin a sami ragin milimita ɗaya a gaɓa ta 12, tunda a tsakiyar tsirkiya take, kuma ƙashin nawa ba shi da sauran jiki da yawa, saboda haka a kusan uku muka tsaya. Mun kuma sauya tsirkiyoyin daga masu lamba 12 zuwa masu lamba 10, waɗanda suka fi laushin dannawa. Ashe wata huɗu na yi ina zargin yatsuna da ragwanci a kan laifin da rabinsa ba nasu ba ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun sauko da sikel ɗin zuwa bakin wuya, inda ake haɗa tsirkiyoyin sake da gaɓoɓi uku na farko. A kan ta biyar akwai sake, 2 da 3, a kan ta huɗu ma haka, a kan ta uku kuma sake da 2, A ya cika ke nan ba tare da hannu ya motsa daga wurinsa ba. Ƙa'idar ita ce kowane yatsa da gaɓarsa: manuni ta ɗaya, na tsakiya ta biyu, na zobe ta uku. Baba ba ya buga sikel bakinsa a rufe, yana bugawa yana rera la, ti, do, re, mi, fa, so, la, yadda ake koya wa mawaƙan majami'a. A Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, sautin A ɗin kansa ne ake kira la ko a wane sikel ya fito, amma a wurin Baba la tana nufin mafarin maina ne duk inda ya faɗo.

A nan ne muka yi gardamarmu ta farko. Na lura cewa A, B, C, D, E, F, G su ne dai sautukan C meja (wani nau'in sikel ne, mai farawa daga C) da na taɓa gani a takarda, babu ƙari babu ragi, sai na ce, “Baba, a lissafi idan rukuni biyu suka ƙunshi abubuwa iri ɗaya, rukuni ɗaya ne. Me ya sa za a ba abu ɗaya suna biyu?” Ya yi dariya ya ce, “Malam, mutanen gidan ba su sauya ba, maigidan ne ya sauya. Idan C ne maigida kowa wurinsa yake zuwa gaisuwa, idan kuwa A ne, sai zaman kowa ya sake.” Sai ya riƙa buga kod ɗin C ina hawa ina sauka in tsaya a C, sannan ya koma kod ɗin A maina in tsaya a A. Ya tambaye ni ko na ji bambancin, na gyaɗa kai, amma gaskiyar da zan rubuta a nan ita ce don kunya na gyaɗa. Na ji kod ɗinsa ya sauya, sautukan da ke fita daga hannuna kuwa duk ɗaya suke a kunnena.

Abin da na ji sarai shi ne gwaji na biyu. Ya sa na kama A meja, sannan na janye yatsan da ke kan tsirkiya ta biyu daga gaɓa ta 2 zuwa ta 1, nan take kod ɗin ya yi sanyi ya zama A maina. Sauti na uku ne ya sauko daga C mai shaf (C da aka ɗaga da gaɓa ɗaya) zuwa C, watau nisansa da tushe ya koma gaɓa uku maimakon huɗu. Duk sikel ɗin da ake kira maina wannan gajeriyar tazarar ce ta ba shi sunan.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na sa manhajar ƙidayar bugu a waya, na saita ta a bugu 60 a minti, sauti ɗaya a kowane bugu. Na ɗauka wasa ne, sai ga shi ta tona mini asiri: ina gaggawa a kan tsirkiyar sake saboda ba ta buƙatar yatsa, ina kuma makara duk lokacin da zan tsallaka daga wata tsirkiya zuwa wata. Hannun dama ma yana da nasa laifin, domin ƙasa kawai yake son bugawa da ɗan robar kaɗa tsirkiya, ga shi Baba ya ce sai dai ƙasa da sama bi da bi, ko da an sauya tsirkiya. Na yi kwana biyar a kan 60 kafin in iya hawa da sauka sau huɗu a jere ba tuntuɓe.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun koma tsakiyar wuya, inda manuni yake zama a gaɓa ta 5 kuma babu tsirkiyar sake ko ɗaya. A kan ta shida da ta biyar ana danna 5, 7, 8, a kan ta huɗu 5 da 7, a kan ta uku sai hannu ya ja baya da gaɓa ɗaya ya kama 4, 5, 7, sannan ya dawo ya yi 5, 6, 8 a kan ta biyu, ya ƙare da 5, 7, 8 a kan ta ɗaya. Wurin ja da bayan nan ne nake faɗuwa kullum, musamman wajen saukowa. Matsala ta biyu ita ce ƙaramin yatsa, wanda gaɓa ta 8 ta zama rabonsa. Da zarar na danna da na zobe sai shi ya miƙe sama kamar mai neman izinin magana a aji, kafin ya sauko kuma bugun ya wuce. Baba ya ce in daina murƙushe wuyan a tafin hannu, in mayar da babban yatsa bayan wuyan daura da yatsan tsakiya, in kuma danna dab da ƙarfen gaɓar ba a tsakiyarta ba. Da na yi haka rabin ƙarfin da nake sawa ya isa.

Laraba, 18 ga Disamba

Hunturu ya kankama, kuma jitar ta fi ni jin jiki. Katakon wuyan ya tsuke saboda bushewar iska har bakin ƙarafan gaɓoɓin ya ɗan fito yana karce mini gefen hannu idan na zame, saitin kuma ba ya kwana, kullum da safe sai na tarar da tsirkiyoyin sun sauka. Baba ya ce in sami soso in jiƙa shi in matse sosai, in sa shi a gidan sabulu mai huji, in ajiye a cikin jakar jitar in zuge, kada kuma in ƙara jingine ta kusa da taga. Kan yatsana na tsakiya ya tsage daidai inda kanta ta fara fitowa, dole na huta kwana uku. Man kaɗanya yana taimakawa, amma da dare bayan an gama, domin ranar da na shafa kafin atisaye tsirkiyoyin sun yi santsi sun kuma kwashi ƙura.

Asabar, 28 ga Disamba

Wannan makon shi ne mafi amfani tun da na fara, kuma ba ni na shirya shi ba. Kafin hutu Baba ya ce in gwada cire sauti na biyu da na shida daga sikel ɗin, watau B da F, in bar A, C, D, E, G. A gaɓa ta 5 fasalin ya zama mai sauƙi ƙwarai, sauti bibbiyu a kowace tsirkiya: 5 da 8 a ta shida, 5 da 7 a ta biyar da ta huɗu da ta uku, sai 5 da 8 a ta biyu da ta ɗaya. Ja da bayan nan da ke kayar da ni ya ɓace, tunda B ne yake jawo shi.

Ran Alhamis kawuna ya zo daga ƙauye ya kwana biyu a wurinmu. Mutum ne da ya taso cikin mafarauta, kuma kunnensa ya sha kiɗan garaya tun yana yaro. Da yamma ina zaune a tsakar gida ina hawa da sauka a kan sautuka bakwai ɗin, yana kishingiɗe a tabarma bai ko dube ni ba. Da na gaji sai na koma kan biyar ɗin, na bar tsirkiya ta biyar tana ƙugi a sake, ina ɗan yawo a kan ta huɗu da ta uku ba tare da bin jeri ba, ina komawa A duk lokacin da na rasa inda zan sa kaina. Sai na ga ƙafarsa tana motsi. Ya tashi zaune ya ce, “Ɗan nan, ɗazu lissafi kake yi, yanzu ne ka fara magana.” Na ce, “Kawu, ai sautukan ɗaya ne, biyu kawai na cire.” Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne yanzu kiɗan yana da inda yake komawa ya kwana.

Maganar Baba ce ta maigida ta dawo mini ta bakin mutumin da bai taɓa jin kalmar sikel ba. A daren na gane abin da na kasa ji ran 16 ga Nuwamba: muddin A yana ƙugi a ƙasa, kowane sauti yana da nauyinsa dangane da shi. E yana zaune daram, C yana da taushi, G yana jingina, D kuma yana son ya matsa. Da na mayar da B da F ɗaya bayan ɗaya sai na ji su a matsayin baƙi masu kawo ɗaci, kuma lissafi ya nuna dalili. Su biyun ne suke haifar da tazarar gaɓa ɗaya tak, B da C, E da F, to idan an cire su jerin yakan koma uku, biyu, biyu, uku, biyu, babu sauti biyu da ke gogar juna. F musamman, idan na tsaya a kansa, ji nake kamar yana roƙo a bar shi ya sauko kan E.

Akwai wata magana da masu koyarwa a intanet suke yawan yi, wai meja farin ciki ne, maina kuwa baƙin ciki. Ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Sautuka biyar ɗin nan ba su kawo mini makoki a rai ba, abin da suka tuno mini shi ne rediyo da hantsi da dandalin biki. Makaɗan jitar Agadas a kan irin wannan jeri suke gina yawancin kiɗansu, kuma a wurin bukukuwan aure suke kaɗa shi mutane na rawa, marigayi Ali Farka Touré na Mali ma da sautuka biyar ya yi mafi yawan aikinsa, haka kuma waƙoƙin Sudan da iyayenmu suke so. Ba ina cewa garaya da jita abu ɗaya suke faɗa ba, domin garaya da gurmi da molo ba su da ƙarafan gaɓa, makaɗi yana iya tsayawa a tsakanin sauti biyu inda jita ba ta da wurin tsayawa. Amma kusancin ya isa ya sa kunnen da ya tashi a nan ya ji kamar ya san hanyar.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na je wurin Baba da alfahari, domin na kai bugu 72 a minti, sauti biyu a kowane bugu, sai ya yi mini jarrabawar ba-zata. Da farko ya ce in matsar da fasalin gaba ɗaya zuwa gaɓa ta 3, na yi ba gargada, ya ce to G maina ke nan na buga. Daga nan ya ce in koma ta 5, in hau, in tsaya duk inda ya tafa hannu. Ya tafa ina kan tsirkiya ta uku, ya ce, “Malam, wane sauti ne wannan, kuma rera mini wanda ke biye da shi kafin ka taɓa shi.” Ban san sunan ba sai da na koma na ƙirgo daga farko, da na buɗe baki kuma abin da ya fito bai yi kusa da sautin ba. Sau biyar yana tafawa, sau ɗaya na dace. Na sha faɗa wa ɗalibaina cewa haddar dabara ba fahimta ba ce, sai ga shi abin da na yi ke nan: yatsuna sun haddace zane, kunnena da bakina ba su san komai a kai ba.

Ya sauya mini tsarin atisaye. A cikin minti talatin na kullum, goma na farko babu manhajar bugu, sai dai in buga A, in rera sautin da zan je, sannan in danna in ji ko na dace. Goma na biyu in riƙa faɗin sunan kowane sauti da ƙarfi ina bugawa. Na ƙarshe ne kaɗai na sauri.

Lahadi, 19 ga Janairu

An koma makaranta, aiki ya yi yawa, kwana uku kacal na taɓa jitar a makon nan. Rerawar tana ba ni kunya saboda maƙwabta, don haka a cikin ɗaki nake yi da ƙaramar murya. Daga la zuwa do da daga la zuwa mi sun fara zama, fa ce har yanzu take kuɓuce mini, kullum sai in ɗaga ta fiye da wurinta.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun shiga E maina da D maina, kuma Baba ya sa ni na gano su da kaina ta hanyar komawa kan tsirkiya ɗaya kamar ranar farko. Lambobin nan dai, sake, 2, 3, 5, 7, 8, 10, 12, idan aka bi su a kan ta shida sai su ba da E, F mai shaf, G, A, B, C, D, E. Idan aka bi su a kan ta huɗu kuma sai su ba da D, E, F, G, A, B mai filat (B da aka saukar da gaɓa ɗaya), C, D. Yanzu na san cewa shaf da filat ɗin da nake gani a farkon takardun kiɗa ba ado ba ne, tilas ce da jerin tazarar ya jawo. E maina ya fi kowanne daɗin bugawa a jita, saboda duk tsirkiyoyi shida a sake suna cikinsa, kuma tushensa shi ne sauti mafi zurfi da jitar take da shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau aka gabatar mini da maina na biyu, wanda ake kira hamonik, kuma Baba ya shigo da shi ta hanyar kod, ba ta hanyar jeri ba. Ya ce in buga A maina, D maina, E maina, in koma A maina. Na yi, ya fita lafiya amma sakwa-sakwa. Sai ya ce in maimaita, amma a kan E ɗin in ɗora manuni a gaɓa ta 1 ta tsirkiya ta uku. Yatsa ɗaya ne kawai ya ƙaru, G ya zama G mai shaf, amma kod ɗin ya riƙa jan kunne zuwa A kamar akuya ta hango gida da magariba. Dalilin shi ne sauti na bakwai ya matso har ya rage gaɓa ɗaya tsakaninsa da tushe, kuma saboda wannan jan ne mawallafan kiɗan Turai suka riƙa ɗaga shi. Idan aka sa shi cikin jeri sai a sami A, B, C, D, E, F, G mai shaf, A, da wani wawakeken rami na gaɓa uku tsakanin F da G mai shaf.

A tsakiyar wuya sabon sautin yana gaɓa ta 6 a tsirkiya ta huɗu, na sama kuma ana iya kama shi a ta 9 a tsirkiya ta biyu ko a ta 4 a tsirkiya ta ɗaya. Na zaɓi ta 4 domin ƙaramin yatsana bai kai ga miƙewa zuwa ta 9 da tsabta ba tukuna. Da dare ina ta maimaita E, F, G mai shaf, A, sai 'yata ta leƙo ta ce, “Abba, wannan ai kiɗan fim ɗin Indiya ne.” Ba ta yi kuskure sosai ba. A kiɗan Indiya akwai raga, watau jerin sautuka irin nasu, mai suna Kirwani da ke da waɗannan sautuka bakwai, kuma idan aka fara jerin daga E maimakon A sai ya yi kusa da abin da Larabawa ke kira Hijaz. Ramin nan na gaɓa uku shi ne abin da kunnenta ya kama.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na uku shi ne melodik, inda ake ɗaga na shida da na bakwai wajen hawa, F da G duka su zama masu shaf domin a cike ramin, a kuma mayar da su yadda suke wajen saukowa. Wajen hawan, C ne kaɗai ya raba shi da A meja. Na fahimce shi a takarda, na buga shi sau da yawa, amma bai kama ni ba, kuma ban ga inda zan yi amfani da shi yanzu ba. Na faɗa wa Baba haka, ya ce ba laifi, in san da zamansa kawai, ranar da wata waƙa ta buƙace shi zan neme shi da kaina.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ana sa ran ganin watan azumi, kuma na yanke shawarar ajiye jitar har bayan Sallah. Na goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle, na sabunta jiƙon soson, na zuge jakar na ɗora a kan kabad. Inda na tsaya shi ne bugu 80, sauti bibbiyu, a maina na asali, da 66 a hamonik.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na sauko da ita bayan mako biyar. Kantar yatsuna ta ɓare ta tafi, zogin ranar farko ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Saurin ya zube zuwa wajen 60, ƙaramin yatsa ya koma halinsa na ɗagawa, kuma sau biyu na manta ja da baya a tsirkiya ta uku. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rerawar ba ta tafi ba. Na buga A, na rera fa, na danna gaɓa ta 8 a tsirkiya ta biyar, sai na ji su sun haɗu ba ko ɗan gezau, alhali wannan sautin ne ya wahalar da ni duk watan Janairu. Ina jin dalili shi ne a cikin azumin, ko a kan babur ko a layin cefane, nakan sami kaina ina rera jerin a zuci ba da niyya ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Baba ya maimaita jarrabawar tafi, na dace sau huɗu cikin biyar, wanda na faɗi kuwa ti ce, na rera do a madadinta. Daga nan ya riƙa buga A maina, D maina da E yana juyawa, ya ce in faɗi abin da ke raina a kai, da sharaɗin kada in bi jeri daga ƙasa zuwa sama. Na sa waya ta ɗauki minti uku, na saurara sau uku da na dawo gida. A minti na farko tsoro ya hana ni barin sautuka biyar ɗin. A na biyu na fara shigo da F a kan kod ɗin D, inda yake zama lafiya tunda yana cikin kod ɗin, kuma sau biyu na kama G mai shaf daidai lokacin da E ya shigo na sauka a kan A. Sau ɗaya kuma na buga G na asali a kan E ɗin, suka yi karo da nasa mai shaf, ana jin Baba a cikin rikodin yana cewa, “A'a, Malam, maigida bai dawo ba tukuna.” Har yanzu ina katse sautuka da wuri, ba na barinsu su yi numfashi, kuma bugun sama ya fi na ƙasa rauni.

Aikin da aka ba ni na mako biyu masu zuwa shi ne in ɗauki wata waƙar raino da mahaifiyata take yi, in nemo ta a kan jita da kunne ba tare da takarda ba, in gano wane sauti ne maigidanta, sannan in koyi fasalin da ke farawa daga gaɓa ta 7 domin in haɗa shi da na ta 5. Zafi ya shigo, gumi ya fara sa tsirkiya ta uku tsatsa a wajen gaɓa ta 5 da ta 7, sai na sayo sabon saiti kafin Asabar.